Mai Karatun Toka

Takardar da ta kai mijina gidan yari, mahaifina ne ya sa mata hannu.

Na fara da wannan ne don duk wanda na ba labarin nan sai ya tsayar da ni a tsakiya ya ce, "Dakata, Baban naki?" E, Babana. Wanda ya ɗora ni a wuya ina ƙarama, wanda har na yi aure bai daina kirana Auta ba. Aikinsa binciken gobara. In 'yan kwana-kwana sun kashe wuta sun naɗe tiyonsu, shi ne mai shiga a ƙarshe, da 'yar shebur da tocila, ya durƙusa cikin gawayi ya faɗi inda wuta ta tashi da abin da ya tashe ta. Abokan aikinsa Mai Karatun Toka suke ce masa. Tun ina rarrafe nake jin maganarsa guda: "Mutum na ƙarya, Auta. Wuta ba ta yi."

Mijina kuwa bakaniken babur ne. Dogo ne siriri, shi ya sa 'yan gareji suka laƙa masa Sifana, sunan ya biyo shi har gida; Inna ma, mahaifiyarsa, in ya ɓata mata rai haka take kiransa. Hannunsa ba ya rabuwa da warin fetur ko zai ƙarar da sabulun duniya. Farkon aurenmu nakan tsokane shi in ce galan na aura. Ban san wata rana za a kawo warin nan gaban alƙali ba.

Wan mijina, wanda dukkanmu muke kira Yaya, gadin dare yake yi, don haka barcinsa na rana ne. Ɗaki ɗaya yake haya a wani dogon gida mai ƙofofi a jere. Ranar da abin ya faru, Sifana ya bar gareji da hantsi ya je ya tashe shi, saboda Yaya ya yi alkawarin kai Inna asibiti bai kai ta ba. Suka yi cacar baki irin ta 'yan'uwa, wadda maƙwabta ke ji ta bango. Sifana ya bugo ƙofa ya fito yana huci. Bai daɗe da komawa bakin aiki ba hayaƙi ya turnuƙe layin su Yaya. Ko da aka ɓalle ƙofar, Yaya ya riga mu gidan gaskiya.

Baba ne ke kan aiki ranar. Ya shiga, ya durƙusa, ya share toka, ya ga abin da ya gani: wasu baƙaƙen tabo masu lanƙwasa a kan ledar ɗakin, kamar inda aka tuttular da ruwa ya malala, tun daga bakin ƙofa har ƙarƙashin gado. A karatun da aka koya masa, wuta sama take yi. In ka ga ta ci ƙasa haka, to wani ne ya zuba mata abin da za ta bi. Ya rubuta cewa an zuba fetur. 'Yan sanda suka haɗa wannan da faɗan da aka ji, da warin da ke jikin rigar Sifana, suka je gareji suka ɗauke shi hannunsa dumu-dumu da baƙin mai.

An kai gutsattsarin ledar ɗakin gwaje-gwaje, ba a sami ko ɗigon fetur ba. Baba ya ce wuta ce ta lashe shi tas. Lauyan gwamnati kuwa, wani gajere mai daɗin murya, ya sami abin da yake so. Ya dubi Mai Shari'a ya ce, "Ranki ya daɗe, mutumin da ya ba da shaida a kan mijin 'yarsa, wa zai yi wa ƙarya?"

Kisan kai ake tuhumarsa da shi. Ba sai na faɗi hukuncin ba.

Na je wurin Baba wata rana da yamma. Na same shi a tsakar gida yana goge takalmin aikinsa, yana ta goge wuri ɗaya.

"Baba, ka san shi. Kai ka ce min yaron kirki ne."

"Na faɗa."

"To ka koma ka ce ka yi kuskure."

Ya ajiye burushin. Idonsa ya yi ja, kuma wallahi ya rame fiye da ni. "Auta, kina tsammanin ban roƙi Allah ya sa idona ne ya yi gizo ba? Na koma ɗakin nan ni kaɗai, na sake sharewa, na sake dubawa. Tabon yana nan. In na goge shi da bakina, me zan ce wa uwar wanda ya mutu?"

"Ita ce uwar wanda za a kashe!"

Ya sake ɗaukar burushin. Na fita ban yi masa sallama ba, abin da ban taɓa yi ba a rayuwata, kuma daga ranar ƙafata ba ta sake taka gidan ba.

Lauyanmu ne ya kai ni wurin wata da ake kira Dakta. Malama ce a jami'a, binciken yadda wuta ke cin ɗaki take yi. Na zaci zan ga wata mai farar riga da tabarau, sai na ga mace 'yar duma-duma da silifas, rabin girarta ta hagu babu.

Ta lura ina kallo. "Aiki ne ya cinye ta. Ni ce kaɗai a garin nan da ke ƙona ɗakuna da izinin hukuma. Zauna, ƙanwata."

Ta juyo min da kwamfutarta. Wani ɗaki ne da kujera da labule, an sa 'yar wuta a gefen kujerar.

"Kar ki kalli wutar," in ji ta. "Kalli sama."

Hayaƙi yana taruwa a silin, baƙi ƙirin, yana kauri, yana saukowa a hankali.

"Wannan hayaƙin da kike gani ya fi garwashi zafi. Kamar a kifa wa ɗakin murfin tukunya ne da ya yi ja. Zafin yana dukan komai daga sama, kujera, katifa, leda. Sai a kai wani lokaci..."

Kafin ta rufe baki ɗakin ya kama gaba ɗaya, ƙasa da sama, har na ja da baya daga allon.

"Kin gani? Ba wanda ya zuba komai. In ɗaki ya kai nan, ƙasa ma ci take. Leda ta narke, soso ya narke ya malala, iskar da ke shigowa ta ƙofa ta hura wutar a kan daɓe. In an kashe, sai ki ga tabo kamar an tuttular da galan. Malaman da suka koyar da mahaifinki ba su taɓa ƙona ɗaki suna kallo ba. Bayan an kashe suke zuwa. Abin da na gaba ya faɗa, shi na baya ke maimaitawa."

Na kama hannunta da hannu biyu. "To ki gaya wa kotu bai yi ba!"

"Ba zan iya ba."

"Kamar yaya?"

"Ban san abin da mijinki ya yi ba, ba na wurin. Abin da na sani, tabon nan ba ya nuna an zuba fetur. Iyakacina ke nan."

Na ji kamar in shaƙe ta. Na zo neman wadda za ta rantse min, na sami wadda ke auna magana da cokali.

Kotu ba ta yarda da bidiyo kawai ba. Lauyan gwamnati ya ce ɗakin bidiyo daban, ɗakin marigayi daban, kuma idon da ya tsufa a cikin toka ba za a rushe shi da majigi ba. Sai Dakta ta kawo shawara, Mai Shari'a ta amince: a gina ɗakuna biyu irin na Yaya sak. A zuba wa ɗaya fetur, ɗayan a kunna shi da ashana kawai. A ɓoye wa Baba. In sun huce a shigo da shi, ya faɗi wanne ne wanne.

A bakin kotu lauyanmu ya ja ni gefe, yana share gumi. "Ki fahimci abin da muka shiga. In ya bambance su, mun gama yawo. Ko da sa'a ce ta sa ya dace, kotu za ta ce idonsa gaskiya ne."

"In ya kasa fa?"

"In ya kasa, ba su da sauran shaida sai faɗan wa da ƙani da warin bakanike."

Wato ran mijina yana rataye a kan kuskuren mahaifina.

Na gaya wa Sifana ranar ziyara. Akwai ragar ƙarfe tsakaninmu, mai ƙananan ramuka, yatsa ɗaya kawai ke shiga. Ya zuro ɗan yatsansa na kama. Na kai shi hancina ba tare da na sani ba. Ba ya warin komai. Wannan ne ya sa ni kuka.

"Haba, uwargida," in ji shi. "Ke da ke ƙorafin kin auri galan? Ga shi an wanke miki shi kyauta."

"Ba na so. A dawo min da kayana yadda suke."

Ya yi 'yar dariya. Can ya ce, "Kin je kin gai da Baba?"

Na kau da kai.

"Ki je. Ni da ke ciki ban riƙe shi ba. Abin da ya gani ya faɗa." Ya sunkuyar da kai. "Abin da ke hana ni sukuni ba Baba ba ne. Maganar ƙarshe da na yi wa Yaya, tsawa ce. Ko kabarinsa ban gani ba."

Ban je ba. Zuciyata ta ƙi.

A filin da 'yan kwana-kwana ke atisaye aka gina ɗakunan, gefe da gefe, da bulo da silin da ƙofar katako da 'yar taga ɗaya. Ni na shirya su, don ni na fi sanin ɗakin Yaya. Gadon ƙarfe da katifar soso a jikin bango. Tsohuwar kujera mai zaman mutum biyu inda yake kishingiɗa ya sha taba. Leda mai zanen murabba'i. Tarin jaridu a lungu, rediyo a kan akwati, rigunan gadi a jikin ƙusa. Labulensa ni na ɗinka masa da hannuna, don haka na koma kasuwa na nemo irin yadin na ɗinka guda biyu. Da na gama na tsaya a bakin ƙofa, sai na ga kamar yanzu zai ɗago kai ya ce, "Matar ƙanena, me kika kawo min?" Na fita da gudu.

Ranar gwajin, tun da safe aka kai Baba wani ofis a can bayan gini, inda ba ya hango filin. Aka karɓe wayarsa, aka zaunar da ma'aikacin kotu a bakin ƙofa. Mu kuwa muka tsaya bayan igiya: Mai Shari'a da hular kwano a kan ɗankwalinta, lauyoyi biyu, da ni. Motar kashe gobara na gefe, an ja tiyo an riƙe.

Ɗakin hagu aka fara. Wani ɗan kwana-kwana ya tuttula fetur daga bakin ƙofa zuwa ƙarƙashin gado, aka cinna daga nesa. Wuta ta yi tsalle kamar dama jira take.

Na dama kuwa, Dakta ce ta shiga da kanta. Ta ƙyasta ashana, ta sa a lungun kujerar, ta fito tana karkaɗe hannu. 'Yar wuta ce kamar ta kyandir. Lauyan gwamnati ya yi murmushi ya dubi agogonsa.

"Wannan ai sai mu aika a kawo mana shayi."

"Ba za ka samu shan sa ba," in ji Dakta.

Na tuna abin da ta koya min, na kalli sama. Ta ƙofar ina hango hayaƙin yana kwanciya a silin, yana kauri, yana saukowa kamar ana sauke baƙin bargo. Labulena ya fara lanƙwashewa tun wuta ba ta taɓa shi ba. Jaridun da ke can ɗaya lungun suka fara hayaƙi su kaɗai. Sai gilashin taga ya fashe, ɗakin ya yi wani irin gurnani, wuta ta cika shi daga daɓe har rufi ta fito ta ƙofa kamar harshe. Zafin ya mari fuskata daga inda nake. Mai Shari'a ta ja da baya tana salati. Ni kuwa abu ɗaya ne a raina: haka Yaya ya kwanta a ciki.

Aka bar kowane ɗaki ya ci gwargwadon yadda maƙwabta suka ce na Yaya ya ci, sannan aka sakar musu ruwa. Muka zauna jiran su huce. Rana ta take, ta fara karkata. Ba abin da ya shiga bakina.

Kafin a kira Baba, Dakta ta zo ta dafa kafaɗata. "Ke, koma bayan motar can."

"Don me?"

"Fuska tana tsegumi, ƙanwata. An gwada an gani, mai dubawa yakan karanci fuskar wanda ya san amsa ba tare da shi kansa ya sani ba. Balle uba da 'yarsa. Duk wanda ya ga ƙunar nan zai juya baya, har ni."

Haka aka yi. Mai Shari'a da lauyoyi da 'yan kwana-kwana suka juya wa ɗakunan baya, sai ma'aikacin kotun da bai ga komai ba ne zai raka shi. Ni na laɓe a bayan motar. Akwai 'yar kafa tsakanin tsani da tankin ruwa, na manna idona a nan.

Ga shi nan tafe. Ya sa kakinsa, an goge shi har yana ƙyalli, takalmin nan yana ɗaukar ido. An ɗaura masa abin rufe hanci, don tabo ya ce yana karantawa, ba wari ba. Ya tsaya a tsakiyar fili ya waiga hagu da dama. Na san ni yake nema. Na danne bakina da gyale.

Ya shiga na hagu, mai fetur.

Ina hango bayansa ta ƙofa. Ya durƙusa yadda na san yana yi, gwiwa ɗaya a ƙasa. Ya share toka da 'yar shebur ɗinsa a hankali kamar mai shafa kan jariri. Ya haska tocila, ya bi wani abu da yatsa daga bakin ƙofa zuwa ciki. Bai daɗe ba ya fito, ya janye abin hancin.

"Wannan an zuba masa fetur," in ji shi. Muryarsa ba ta rawa.

Na riƙe tsanin motar. Ya dace. Na ga kafaɗar lauyan gwamnati ta ɗaga, ko da yake bayansa kawai nake gani. Saura kalma ɗaya. Ya leƙa na dama ya ce "wannan babu", shi ke nan, an gama da mu.

Ban taɓa tsammanin akwai ranar da zan roƙi Allah ya kunyata mahaifina ba. Ranar na roƙa. Na roƙa da duk abin da ke cikin ƙirjina, ina kuka ba sauti, ina jin kunyar roƙon, ina kuma ƙara yi.

Ya mayar da abin hancin ya shiga na dama.

Ya durƙusa. Ya share. Sai hannunsa ya tsaya.

Ya daɗe a haka. Sannan ya matsa gaba da gwiwa, ya sake sharewa, da sauri yanzu, ba irin ta ɗazu ba. Ya ture abin da ya rage na gadon ya haska ƙarƙashinsa. Ya miƙe ya fito, ya koma na hagu. Ya fito ya koma na dama. Ma'aikacin kotun yana biye da shi kamar jela, har ya gaji ya tsaya a tsakani. Filin ya yi tsit, ba ka jin komai sai ɗigar ruwa daga silin ɗin da ya ƙone.

Da ya fito na ƙarshe, kakin nan ya zama baƙi har ƙirji. Ma'aikacin ya ce an gama, kowa ya juyo.

"Muna sauraronka," in ji Mai Shari'a.

Baba ya janye abin hancin ya riƙe a hannu.

Lauyan gwamnati ya matso da muryarsa mai daɗi. "Yallaɓai, ai ka riga ka faɗa. Ka ce na hagu. Abin da ya rage ka tabbatar mana na dama babu, mu tafi gida."

"Kar ka sa masa magana a baki!" in ji lauyanmu.

"Tunatar da shi nake. Yallaɓai, ɗaya ne mai fetur, kowa ya san haka. Ka zaɓi ɗaya. Mutum irinka, da sunan da ka yi, ai ba a ce ya tsaya yana inda-inda a gaban yaransa ba."

Gaskiya ne, 'yan kwana-kwana sun jeru a jikin bango, yawancinsu shi ya koya musu aiki. Duk suna kallonsa. Na san Babana. Na san abin da sunan nan yake a wurinsa. Mahaifiyarmu ta rasu, ƙarfinsa ya tafi, abin da ya rage masa a duniya shi ne in ya shiga ɗaki ya fito, maganarsa ta zauna. Kuma ƙofa a buɗe take: ya tsaya a kan maganarsa ta farko, ya fita da girmansa.

Ya dubi hannunsa, baƙi ƙirin da toka. Ya dubi yaran nasa. Sannan ya dubi motar da nake bayanta, kamar ya san ina nan.

"Ranki ya daɗe," in ji shi, "na janye abin da na faɗa a kan na hagu."

"Ka janye?" in ji Mai Shari'a.

"Tabon da na gani a hagu, yana nan a dama. Daga ƙofa har ƙarƙashin gado. Na dama ma ya fi zurfi." Ya dubi ɗakunan. "Da yau aka kira ni gidajen nan biyu ba a gaya min komai ba, da na rubuta fetur a dukkansu. In sa hannu, in kwana lafiya."

"To wanne ne aka zuba wa?"

Kalmar ta yi masa nauyi kamar dutse.

"Ban sani ba."

Tun da nake ban taɓa jin ta a bakinsa ba.

Lauyan gwamnati ya fara magana, Mai Shari'a ta ɗaga masa hannu. Ta cire hular kwanon ta riƙe. "Ɗakin marigayi fa?"

"Shi ma ban sani ba, ranki ya daɗe." Muryarsa ta karye a nan. "Na zaci na sani. Wallahi na zaci na sani."

Ban san lokacin da na fito daga bayan motar ba. Na tsallake igiya, wani ya yi min tsawa ban ji ba. Na faɗa jikinsa, tokar ta shafe min fuska da riga. Bai rungume ni ba, hannuwansa suna rataye. Yana ta cewa, "Na kusa kashe shi, Auta. Da hannuna."

Dakta ta zo ta tsaya kusa da mu. Na zaci za ta yi murna, sai na ga tana share ido da bayan hannu.

"Yallaɓai," in ji ta, "na yi wa masana da yawa irin wannan gwajin. Yawancinsu zaɓa suke yi, su yi ta musu."

Baba ya ɗago. "Malama, kina da sauran bulo?"

"Me za a yi da shi?"

Ya nuna yaransa da haɓa. "Waɗancan. Abin da aka koya min na koya musu. Ki sake ƙona wani, ni ma in tsaya in kalla tun daga ashana."

Ba ranar aka sake shi ba. Shari'a tafiyar hawainiya gare ta. Sai da aka koma kotu, aka yi rubuce-rubuce, Baba ya sake tsayawa a akwatin shaida ya maimaita kalmar nan a gaban jama'a, sannan gwamnati ta janye ƙarar. Har yau ba wanda ya san abin da ya tashi wutar ɗakin Yaya. Ko guntun taba ne a kujera, ko wayar lantarki. Inna takan tambaya, mu ce mata Allah ne masani.

Da hantsi aka buɗe ƙaramar ƙofar gidan yarin. Ya fito da 'yar jakar leda, yana ƙifta ido, ya ƙara zama sifana fiye da da. Ban damu da masu kallo ba. Na riƙe shi har sai da mai gadin ƙofa ya yi gyaran murya ya ce, "Hajiya, in ba ki sake shi ba za mu mayar da ku ciki ku biyu."

"Ki kai ni wurin Yaya tukuna," in ji Sifana a kunnena. "Kafin gida."

Na ɗaga kai zan amsa, sai na ga idonsa ya tsallake ni. A can tsallaken titi, ƙarƙashin wata bishiya, Baba ne tsaye da kayan gida, yana riƙe da tsohon babur ɗinsa, wanda Sifana ne ke gyara masa. Rigarsa ta jiƙe da gumi. Daga gani turo shi ya yi tun daga gida.

Sifana ya saki hannuna ya tsallaka. Na bi shi. Suka tsaya fuska da fuska. Baba ya kasa ɗaga ido, yana neman maganar da ta fi ƙarfinsa.

"Ina wuni, Baba," in ji Sifana, da hantsi tsaka. Shi ma ya ruɗe.

"Ya ƙi tashi," in ji Baba, yana kallon babur ɗin. "Tun da aka... tun lokacin. Ban bari kowa ya taɓa shi ba."

Sifana ya miƙo min jakar ledar. Ya naɗe hannun riga, ya durƙusa a gefen titi, gwiwa ɗaya a ƙasa.

"Me ya same shi?"

Baba ya share fuska da hularsa. "Ban sani ba, ɗana. Kai za ka duba."

Sifana ya zare 'yar robar da ke ƙarƙashin tanki, fetur ya tsiyayo masa a yatsu. Na tsaya a kansu da jakar a hannu, warin yana tasowa, ina shaƙa.